In aka ɗauke wuta ana tsakiyar zubar ƙanƙara

Hajiya, kin ce wannan ne hunturunki na farko a jihar Texas ta Amurka, ga yara ƙanana, kina tambayar abin yi idan guguwar ƙanƙara ta taso aka ɗauke wuta.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne garwashi. A gida mun saba shigo da kaskon wuta ɗaki lokacin ɗari, amma don Allah kada ki gwada haka a nan. Gidajen nan a toshe suke ruf, garwashi kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid, marar wari marar launi. Mutum ya fara ciwon kai da jiri, barci ya kwashe shi, shi ke nan. A Fabrairun 2021 gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta a jihar, mutum 246 suka rasu a ƙidayar hukuma, har da waɗanda iskar nan ta kashe. Janareta ma a waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga gida, kuma ba a kunna mota cikin gareji don jin ɗumi.

Ku taru a ɗaki ɗaya, ki cusa tawul ƙarƙashin ƙofa, ki jibga wa yara kaya, da hula da safa. Ki bar famfo yana ɗiga kada bututu ya daskare ya fashe. Ruwan sha da tocila kuwa, tun yau ki tanada.

In yaro yana karkarwa, ya yi laushi, maganarsa tana harɗewa, ki kira lambar gaggawa ta 911 nan take.