Tambaya da Amsa: Shin Ana Sakin Fursunoni Idan Annoba Ta Ɓarke?

Wasiƙu biyu ne suka iso wannan fili a kan magana ɗaya, sai dai kowa da inda abin yake yi masa ciwo, don haka na haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wata mai karatu ce a Agege: "Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ɗan acaɓa ne, an kama shi a wani samame, kuma yau wata goma sha huɗu ke nan yana tsare a wani gidan gyaran hali a nan Legas ba a yanke masa hukunci ba. Ranar da na kai masa ziyara ta ƙarshe na same shi ya rame, yana tari, hannuwansa duk ƙazuwa, ya kuma ce da ni a ɗakinsu ko kwanciya sai an yi karɓa-karɓa. Na ji an ce lokacin korona an saki fursunoni. Idan wata cuta ta sake ɓarkewa, shin zai iya shiga cikin waɗanda za a sallama?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kuɓutar da shi, ya ba ki ladan zumunci. Abin da kika ji gaskiya ne, amma ina so ki san yadda aka yi sakin, domin kada ki ɗora begenki a kan abin da da wuya ya iso kansa.

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Nijeriya a nan Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A ranar 9 ga Afrilu na wannan shekarar ministan harkokin cikin gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a yi wa fursunoni 2,600 afuwa don rage cunkoso. Waɗanda abin ya shafa su ne masu shekara 60 zuwa sama, da masu ciwon da ake fargabar zai zama ajalinsu, da masu taɓin hankali, da waɗanda aka ɗaure shekara uku ko fiye kuma saura musu ƙasa da wata shida, sai waɗanda aka ba zaɓin biyan tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba. An cire masu manyan laifuka irin su ta'addanci, garkuwa da mutane, fyaɗe da kisan kai.

Idan kika lura, wannan jerin ya fi karkata ga mutanen da kotu ta riga ta gama da su. A lokacin kuwa alƙaluman da gwamnati ta fitar sun nuna mutum 74,127 ne ke tsare a faɗin ƙasar, kuma 52,226 daga cikinsu jiran shari'a suke yi, wato bakwai cikin kowane goma. Su ne suka cika ɗakunan, su ne kuma afuwar ta fi tsallakewa. Dalili shi ne ikon yin afuwa, wanda sashe na 175 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa a kan laifukan tarayya, sashe na 212 kuma ya ba gwamna a kan laifukan jiha, a aikace kan waɗanda aka yanke wa hukunci ake amfani da shi. Mai jiran shari'a kamar ƙanenki, makomarsa tana hannun kotu, shi ya sa a lokacin shugaban ƙasa ya rubuta wa Alƙalin Alƙalan Nijeriya yana roƙon manyan alƙalan jihohi su duba masu jiran shari'a su sallami waɗanda suka cancanta.

Saboda haka shawarata ita ce kada ki jira annoba, ki tashi tsaye tun yanzu. Ki nemi lambar ƙararsa, da sunan kotun da ta tura shi, da ranar ƙarshe da aka kai shi gabanta, ki kuma bincika ko fayil ɗinsa yana jiran shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na jiha ne, domin a wannan matakin mutane da yawa suke maƙalewa. Da waɗannan bayanai ki je ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi na jihar Legas, wanda aka fi sani da OPD kuma yake aiki kyauta tun shekarar 2000, ko kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa. Akwai dokar 1977 da ta ba babban alƙalin jiha ikon sallamar wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka ƙarara, ko wanda zaman jiran da ya yi ya wuce iyakar ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifin. Da wannan iko ne manyan alƙalai suke kai ziyara gidajen gyaran hali su sallami mutane, amma sai wanda sunansa ya shiga jerin da aka gabatar, kuma lauya ne zai bi ya tabbatar ya shiga.

Wani abu da ya fi damun mutanenmu a Legas shi ne a ba da beli amma a rasa mai tsayawa, saboda an buƙaci wanda yake da shaidar biyan haraji ko tabbataccen mazauni a cikin jihar. Idan haka ne ya faru da shi, lauya zai iya roƙon kotu ta sassauta sharuɗɗan, ke kuma ki kai maganar fadar Sarkin Hausawan unguwarku ko wurin shugabannin ƙungiyar sana'arsa. Idan ba ya jin Turanci, tsarin mulki ya ba shi haƙƙin a samar masa da tafinta kyauta. Tarin nan kuma kada ki raina shi: idan ya wuce mako biyu, ki roƙi jami'in walwala na gidan ya sa a yi masa gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Takardar likita tana ƙara wa roƙon beli ƙarfi ƙwarai.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Mile 12: "Malam, an taɓa fasa mini shago aka kwashe jarina. Yaya za a ce don cuta ta zo a sako mana ɓarayi cikin gari? Ba su ne ma za su fito mana da cutar ba? Ai Manzon Allah (SAW) ya hana fita daga garin da annoba ta sauka."

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Fargabarka tana da tushe, domin wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, kuma duk tsarin sakin da bai yi la'akari da waɗanda aka zalunta ba, tsari ne mai rauni. Duk da haka ina goyon bayan rage cunkoso lokacin annoba, kuma ga hujjata.

Katangar gidan yari tana tsare mutum, amma ba ta tsare cuta. Gandirobobi suna shiga da safe su koma cikin iyalansu da yamma, masu kawo abinci suna shiga suna fita, ana ɗaukar fursunoni a mota zuwa kotu, kuma kusan kullum ana kawo sababbi ana sallamar wasu. Duk cutar da ta samu gindin zama a ciki, ba da daɗewa ba za ta hau motar haya ta iso kasuwa. A watan Yuni na 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, kwamishinan lafiya Farfesa Akin Abayomi ya sanar cewa an samu mutum 25 da suka kamu a gidan gyaran hali na Kirikiri mai matsakaicin tsaro. Gidan Ikoyi kuwa, wanda aka gina a 1955 don mutum 800, yana ɗauke da fiye da 3,000 a watan Disamba na 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a wani ɗaki. A irin wannan wuri, inda mutane da yawa suke amfani da bokiti ɗaya suna shaƙar numfashin juna, ba a maganar ba da tazara, ko wanke hannu akai-akai, ko keɓe marar lafiya.

Shi ya sa a watan Maris na 2020 shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Michelle Bachelet, ta yi kira ga ƙasashe su rage yawan waɗanda suke tsare, kuma a wannan watan Iran ta saki kimanin mutum 85,000 na wucin gadi. Wanda aka ɗaure wata shida saboda ya kasa biyan tara, ba hukuncin kisa alƙali ya yanke masa ba, kuma idan hukuma ta rufe mutum, ciyarwarsa da lafiyarsa sun hau wuyanta. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Hadisin da ka kawo ingantacce ne, kuma hikimarsa ta hana yaɗa cuta ita ce ya kamata ta ja ragamar sakin. A yi shi da wuri tun cutar ba ta shiga ba. Idan kuwa ta riga ta shiga, a gwada mutum, a killace shi har ya warke kafin ya fita, sannan a ba shi kuɗin mota da magani, domin ɗan Arewa da aka sallama a ƙofar gidan yari hannu rabbana, ƙarƙashin gada zai kwana. A kuma tantance kowa da kowa, kada a haɗa ɗan fashi da wanda aka kama yana talla a bakin titi.

Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, ta kuma wajabta wa shugaban hukumar na jiha ya sanar da babban alƙali idan gida ya cika fiye da ƙima. Ta hanyar sulhun nan, Alhaji, mai shago irinka yana iya neman a mayar masa da abin da aka ɗauka ko a biya shi diyya, kuma idan ƙararka tana gaban kotu har yanzu, kana iya gabatar da wannan buƙata ta hannun mai gabatar da ƙara.