Zan iya ɓoye ƙaramar bindiga a jikina don kare kaina?

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne, kusan kowane mako ina kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. An yi mini tayin ƙaramar bindiga, irin wadda ake sokewa a ƙugu. Doka ta yarda in riƙe ta? Idan aka tare ni, yaushe ya halatta in yi harbi?

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye hanya. Kada ka karɓi wannan tayin.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta, kamar mai baki biyu, sai Sufeto Janar na 'yan sanda. Fistol kuwa, wato irin wadda aka yi maka tayi, an jera ta cikin haramtattu, tare da makaman soja, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininta. Wanda aka kama da ita ba lasisi, ɗaurin da ke jiransa bai gaza shekara 10 ba, ko da bai taɓa harba ta ba. Na san za ka tuna cewa a 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga. To, dokar ta tarayya ce, sanarwar gwamna ba ta goge ta. 'Yancin riƙe bindiga da ake gani a Amurka kuma tsarin mulkinsu ne ya ba su, namu bai bayar ba.

Batun harbi ya fi wuya. Sashe na 59 zuwa 67 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya ba ka damar kare ranka da dukiyarka, har ta kai ga kisa idan akwai fargabar mutuwa ko mummunan rauni. Amma alƙali zai tambaya: haɗarin yana gabanka a lokacin? Akwai halin gudu ko neman hukuma? Ka wuce gwargwadon abin da zai kuɓutar da kai?

Nan ne mutane ke faɗawa rami. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa kan wani manomi a Adamawa da aka kai wa hari da wuƙa a gona. Ya ƙwace wuƙar ya kashe maharin, kotu ta ce tunda makamin ya dawo hannunsa, yana da damar tserewa. Hukuncin ya yi mini tsauri, ban ɓoye ba, amma haka kotu ke auna lamarin: da zarar mahari ya rasa makami ko ya juya baya, kariyarka ta ƙare.