Ina furodusan Indiya ke samun kuɗin fim ɗin wayar da kai?

Malam, ka tambayi yadda furodusa a Indiya ke rayuwa da finafinan wayar da kai, alhali ba su cika ciniki a sinima ba. Da wuya mutum ɗaya ya ɗauki nauyin.

Dubi furodusa Guneet Monga. Fim ɗinta The Lunchbox na 2013, har da kuɗin Faransa da Jamus a ciki, kuma a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa aka fara haska shi. Wanda ya fi burge ni kuwa Manthan ne na 1976: manoma masu kiwon shanu 500,000 a Gujarat suka yi karo-karon rupi (kuɗin Indiya) bibbiyu don shirya shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika fim da wa'azi har labari ya mutu. In za ka haɗa jari da baƙi, lauya ya duba haƙƙin mallaka kafin ka sa hannu.