Tsadar taki da rikicin duniya: amsa ga tambayoyin manoma

Wani manomin gero daga yankin Gumel ya rubuto yana cewa tun da aka fara yaƙin Rasha da Yukren a 2022 takin zamani ya gagare shi, yana tambaya ko ya dakata har farashi ya sauko, ko ya rage faɗin gonarsa.

Malam, shawarata ita ce kada ka ɗora nomanka a kan jiran saukar farashi, domin abin da ke tayar da shi ba a hannunmu yake ba. Sinadarin fotash da ke cikin takin NPK daga ƙasashe irin su Rasha da Belarus da Kanada ake shigo da shi, fosfet kuma galibi daga Maroko, ita kuwa yuriya, duk da cewa masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 tana sarrafa ta a gida, kuɗinta na bin kasuwar duniya da darajar dala. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dakon kowane buhu.

Abin da ke hannunka shi ne yadda kake zuba takin. Masu bincike na cibiyar nazarin aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar sun nuna cewa giram 6 na NPK 15-15-15, wato kimanin cikin murfin kwalbar lemo, idan aka sa shi a kowane rami lokacin shuka, yana ƙara amfanin gero sosai, kuma a hekta mai ramuka 10,000 kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Ka lura kada takin ya taɓa ƙwayar iri, ka kuma rufe shi da ƙasa. Yana ba ni takaici in ga ana watsa yuriya a busasshiyar ƙasa da tsakar rana, alhali wani kaso nata iska ce za ta kwashe. Ka kai takin gida, kashin dabbobi da toka da shara da suka ruɓe, tun da rani, sannan inda ka yi gero bana ka yi wake ko gyaɗa baɗi, domin saiwoyinsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Wani kuma daga Daura ya tambayi ko ya sare tsiron gawo da ke fitowa a gonarsa. Kada ka sare. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Maƙwabtanka na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture, su zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi su sassabe sauran, kuma da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a gonakin da aka ƙiyasta sun kai hekta miliyan 5.

Wata baiwar Allah ta koka da cewa ƙwari na cinye mata wake, maganin ajiya kuma ya yi tsada. Hajiya, ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki shanya waken ya bushe ƙarau, ki matse iska ki ɗaure kowace leda daban, kada kuma ki riƙa buɗewa sai ranar da za ki ɗiba ko ki kai kasuwa.