Gidan Harsashi Mai Cin 30, Ko Mai Cin 10?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ina aiki a wata gonar kiwon shanu a jihar Dakota ta Kudu, a Amurka. Maigidana ya ce in riƙa raka shi harbin dabbobin da ke yi masa ɓarna, wato kuregun ƙasan nan masu haƙe makiyaya, da kuma koyoti, wani karen daji mai kama da dila. Bindigarsa ƙirar AR-15 ce, gidan harsashinta yana cin 30. Wani abokin aikinmu ya ce wannan kayan soja ne, ba na maharbi ba. Shin yawan harsashi yana da amfani a irin wannan farautar? Daga mai karatu a Dakota ta Kudu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya ɗan yi zafi, domin gida mai cin 30 shi ne wanda aka saba gani a jikin AR-15, ko a hannun farar hula. Amma da gaskiyarsa ta wani gefen. A harbin kuregun nan, wannan dogon gidan ya fi zama nauyi a kan taimako.

Ka lura da yadda ake harbinsu. Mutum yana kwance rub da ciki, ko yana zaune a tebur, bindiga a kan 'yan ƙafafunta biyu, abin harbin kuma yana can nisan yadi 200 ko 300, girmansa bai wuce gorar ruwa ba. Ranar da na fara gwadawa, gida mai cin 30 na saka. Da na kwanta sai gindinsa ya dafa ƙasa, bindigar ta koma tana lilo a kansa. Na ɗaga ƙafafun, sai ya zama dole in ɗaga wuya, saiti ya lalace. Maharbin da ke kusa da ni bai ce uffan ba, ya miƙo mini gajere mai cin 10, magana ta ƙare.

Sai zafi, wanda shi ne babbar illar. Harsashi irin .223 Remington, wanda AR-15 ke amfani da shi, yana fita da gudun da ya kai ƙafa 3,000 a daƙiƙa, kuma kowane harbi yana barin wuta a cikin bututun. In ka jera ashirin ba hutu, bututun zai yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, harsasai su fara watsewa, iska mai zafi ta riƙa rawa a gaban madubin saiti. Cikin bututun ma, daga inda harsashi ke tashi, yana saurin cinyewa. Shi ya sa masu wuni suna harba ɗaruruwa sukan zo da bindiga biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana hucewa. Ƙaramin gida yana tilasta maka wannan hutun ko ba ka so. Babba kuwa zuga yatsa yake yi a kan kunama.

Koyoti ma haka. Ɗan'uwan dila ne a wayo; kiransa ake yi da sautin zomo mai kuka, in ya fito ka samu harbi ɗaya, da sa'a biyu. Sauran 28 ɗin rakiya suka yi.

Inda na yarda babban gida yana da rana shi ne aladun daji, irin na Tekzas, masu shiga gona garke guda da dare. Suna watsewa da harbin farko, kuma fata da ƙashinsu ba na kurege ba ne. Amma ba su ka tambaya ba.

Yanzu doka, kuma a nan nake so ka natsu. Daga 1994 zuwa 2004 dokar tarayya ta hana ƙera wa farar hula gida mai cin fiye da 10. Da wa'adinta ya ƙare, sai kowace jiha ta kama gabanta. Dakota ta Kudu ba ta sa iyaka a kan mallakarsa ba, amma Kalifoniya da Niyok sun tsaya a 10, Kolorado kuma a 15 tun 2013. Dokar farauta ma daban take: jihohi da dama suna taƙaita harsasan bindiga mai ɗura kanta bayan kowane harbi, irin AR-15, in barewa za a harba, su sassauta a kan dabbobin ɓarna. Ka karanta littafin dokar farauta na jiharku na bana. In kuma da bizar aiki ko ta karatu kake zaune, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga, sai in kana da lasisin farauta mai aiki. Ka yanke shi kafin ka taɓa ta maigidanka.

Ni dai da ni ne, mai cin 10 guda biyu zan sa a aljihu, in bar mai cin 30 a mota. Kuma kada ka ɗauki gawar kuregun da hannu, ƙumansu yana ɗauke da cutar annoba.