Tambayi Mai Rewaya: Motar da ke shanye batir cikin dare

Wasiƙun wannan watan kusan rabinsu kukan batir ne, don haka da shi za mu fara. Roƙona ga masu rubutowa, a riƙa faɗin shekarar mota. Camry ta 2003 da ta 2012 sunansu ɗaya, amma wayarinsu kowa da gidan ubansa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da Corolla ƙirar 2006. Idan kullum ina hawanta ba ta ba ni matsala, amma in na ajiye ta ranar Juma'a da yamma, ran Litinin sai na ari batirin maƙwabci. Na sayi sabon batir bayan ƙaramar Sallah, bai rufa wata uku ba ya ɗauki halin tsohon. Mai batir ya ce altaneta ce, bakanikena ya ce batirin jabu ne. Maganar wa zan ɗauka?
Malamin makaranta, Ɗorayi

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka ɗauki ta kowa tukuna, domin duk tsawon wasiƙarka ban ga inda wani ya ɗora mita ba. Kowannensu ya faɗi abin da zai wanke shi ne kawai. Mita kuwa ba ta da ɗan'uwa a kasuwa, abin da ta gani shi za ta faɗa.

Ka je wurin mai rewaya, ka tsaya a kansa ya yi maka awo uku. Batir mai lafiya, wanda ya huta wasu awowi bayan an kashe mota, zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa, kusan ba komai a ciki. Sai wani ya murza makulli kuna kallon mita: lokacin da kik ke juya inji kada ta faɗo ƙasa da 9.6. Na uku, inji na aiki, a mota irin taka ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. A kunna fitilu da esi a sake dubawa. In ta tsaya a nan, altaneta tana ba da caji, a daina ɗora mata wannan laifin.

Amma ni zargina ba a nan yake ba. Motar da ke tashi lafiya kullum, sai an bar ta kwana biyu ta kwanta, wani abu ne ke shan wuta bayan ka zare makulli. Randa ce mai yoyo, ko sau nawa ka cika ta da ruwan Tamburawa da safe za ka tarar ta yi ƙasa.

Ga yadda ake kama ɓarawon. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A kwance kan batir na nagatif, a juya mita zuwa awon amfiya 10, a sa baki ɗaya a kan batirin, ɗayan a kan wayar da aka kwance, wutar ta riƙa bi ta cikin mita. Sai a jira. Nan ne yaran gareji ke gajen haƙuri, domin kwamfutocin mota ba sa yin barci nan take, wasu sai an ba su minti 20 zuwa 30. Bayan ta kwanta, abin da take ja bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba, na agogo da ƙwaƙwalwar rediyo ke nan. In ka ga 0.3 ko 0.5, sai a fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa za a bi. Kada kowa ya murza makulli mita tana a haɗe haka, za ta ƙone.

Kada ka raina ƙaramin abu. Ƙwan fitilar but na wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin wajen awa 60 ne. Ka yi lissafin da kanka tunda malami ne kai, amfiya 0.4 sau awa 60, za ka ga ya sha kusan 25 daga batirin da aka rubuta wa 60 a matsayin yawan cajin da yake ɗauka. Ƙwai ɗaya tak, wanda ba ka ganinsa domin but a rufe yake.

A nan Kano abin da na fi kamawa shi ne kayan da aka ƙara wa mota daga baya: rediyo mai allo, na'urar bin sawun mota, alam, fitilun ado. Kwanakin baya an kawo mini wata Sienna daga Kurna da irin ciwon taka. Da muka zare fiyus ɗin rediyo, mita ta sauko daga 0.6 zuwa 0.03. Muka ciro rediyon, sai ga jar waya da rawaya an murɗe su wuri guda, an ɗaure da guntun baƙar leda, ko salatif babu. Rawayar ita ce mai wuta ko da yaushe, jar kuwa sai an murza makulli ya kamata ta samu. Wanda ya haɗa ya ga neman layin makulli zai ɓata masa lokaci. Allon yana mutuwa in an danna, amma cikin rediyon idonsa biyu dare da rana. Mai motar ya riga ya sayi batir biyu a kan aikin da bai kai rabin awa ba.

In an zare fiyus duka lambar ba ta motsa ba, a koma kan altaneta ta wata fuskar. Diyod ɗinta, wato abin da ke hana wuta komawa baya, in ya lalace tana iya ba da caji da rana, da dare kuma wuta ta riƙa komawa ta cikinta. A cire batir, a kwance babbar wayar bayanta a naɗe bakin, a sake awon.

Abu biyu kafin in bar ka. Sabon batirin naka mai yiwuwa yanzu ya samu rauni da gaske, domin batirin mota ba ya jure a riƙa shanye shi ƙaf ana sake cikawa. A caja shi sosai a kan caja, a sake gwada shi bayan an toshe yoyon. Sannan duk wanda ya ce zai gwada maka altaneta ta hanyar cire kan batir inji na aiki, ka riƙe masa hannu. Wannan dabarar zamanin Fijo 504 ce. A motar da ke da biren-bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wutar na iya tsalle ta ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batir sau da yawa.

TAMBAYA: Oga, fiyus ɗin fitilun Sharon ɗina yana yawan ƙonewa. Wani yaro a tasha ya naɗa mini siririyar waya a madadinsa, tun ran nan shiru. Akwai matsala?
Direban haya, Unguwa Uku

AMSA: Akwai, kuma da fasinja kake tafiya. Fiyus an yi shi ne domin ya mutu a madadin waya. Tunda yana ƙonewa, ko dai wata waya ta goge tana taɓa ƙarfen bodi, ko an sa ƙwayayen fitila da suka fi ƙarfin layin. Yaron bai gyara komai ba, ya kori mai gadi ne. Yanzu zafin da fiyus zai ɗauka ya koma cikin damin wayoyin da ke bayan dashbod, inda ba ka gani sai hayaƙi ya fito. Ka cire wayar nan yau, kafin lodin gobe. Ka mayar da fiyus mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin. Launi ma yana faɗa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Sa na 30 a gurbin na 15 ƙanin abin da yaron ya yi ne.

TAMBAYA: Malam, fitilar cek-inji ta Honda Accord ɗina ta 2008 ta kama. An sa mata kwamfuta, ta nuna P0420. Mai kwamfutar ya ce in sayi indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wani ya ce a fasa ta a zubar, direban ofishinmu kuma ya ce a liƙe fitilar da baƙin salatif in huta. Motar dai tana tafiya lafiya.
Ma'aikaciyar jinya, Tarauni

AMSA: Hajiya, shawarar direban nan ki bar masa kayarsa. Ke da kanki ba za ki liƙe ma'aunin hawan jini don lambar ba ta yi miki daɗi ba.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wannan soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, shi ya sa kusan duk motar da ke yawo a titin Zariya ana iya karanta ta. Alheri ne babba. Illar ita ce wasu sun ɗauka kwamfuta tana faɗin kayan da za a saya. Ba ta faɗa. Tana faɗin inda mota ke kuka ne kawai. P0420 cewa take sansar oksijin ta bayan indomi tana ganin hayaƙin bai tacu yadda ya kamata ba. Me ya jawo? Zai iya zama indomin ta gaji. Zai iya zama salansa ta huje kusa da sansar iska na shiga. Zai iya zama sansar ce ko wayarta. Zai kuma iya zama indomin ba ta nan gaba ɗaya, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam, kuma ba yau aka fara kwashe ta a mayar wa mai mota da gwangwani ba. A ɗaga motar a duba da ido, a saurari salansa, mai kwamfutar kuma ya buɗe shafin da ke nuna motsin sansar inji na aiki. In bai san wannan shafin ba, ki nemi wani.

Tunda fitilar a tsaye take, kina iya hawa kafin ki samu lokaci, amma kada ya zama wata da watanni. In ta fara ƙiftawa, wannan wani zance ne: inji na misin, wato wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin indomi yana dafa ta. Nan ki rage gudu ki nufi gareji, a duba fulogi da koyil. Kuma kafin kowa ya goge lamba, ki rubuta ta a takarda.

TAMBAYA: Baba, adaidaita sahu ya goge mini ƙofar direba ta Toyota Matrix a wajen Ƙofar Nassarawa. Fanal-bita ya gyara cikin kwana biyu, ta fito tana sheƙi. Yanzu wata biyar, fentin ya tsage, ƙasan ƙofar ya yi ƙuraje, launin ma da rana ya bambanta da na sauran jikin. Tun gyaran kuma gilashin ƙofar wata rana ya hau, wata rana ya ƙi.
Ɗalibi, Rijiyar Zaki

AMSA: Ɗana, kwana biyun nan da ka yi murna da su, su ne ciwon. Aikin bodi na gaskiya bugu ne. A zauna da guduma da maƙera a fito da ƙarfen har ya kusa komawa yadda yake, sannan a shafa foti siriri don cike 'yan ramuka. Kaurinsa in ya kai milimita 3 ya isa, in ya wuce 6 an shiga ha'inci. Mai gaggawa ba ya bugu, cika ramin yake da foti ya goge da samfefa ya fesa fenti. Ƙarfe da foti ba sa buɗewa daidai da juna in sun ji zafi, ga ranar Kano ta Afrilu da ke wuce digiri 40, ga bugun ƙofa kullum. Dole ya tsage. Da ya tsage ruwan damina ya samu hanya, foti ya tsotse shi ya riƙe a jikin ƙarfe. Ƙurajen nan tsatsa ce ke turowa daga ciki.

Ka samo ƙaramin mayen ƙarfe, irin na bayan tsohuwar sifika, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Ka bi ƙofar da shi a hankali. Inda ƙarfe ke kusa zai kama gam. Inda ya saki ko ya yi sanyi, foti ne jibge. Masu zuwa sayen mota 'yar Kwatano su ma su tafi da shi a aljihu, sai dai ba ya aiki a kan bamba, domin roba ce.

Gyara a kan wannan fentin asarar kuɗi ce. Sai an kankare har ƙarfe ya fito fari, a cire tsatsa, a buga, a sa firaima. Kafin ka biya wannan, ka leƙa Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin ƙofa 'yar Beljiyam. Sau da yawa in an haɗa lissafi ita ta fi sauƙi, wani lokacin ma ka dace da launinka. In fenti za a yi, kada a haɗa da ido. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda, ka nemi inda aka rubuta C/TR, lambar farko ita ce ta launi: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Ko da lambar, fentin da ya sha rana shekara da shekaru ya koɗe, don haka mai fenti na ƙwarai yakan ɗan watsa sabon zuwa ƙofar baya da fenda don ido kada ya kama iyaka. Ka kuma duba ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin ƙofar, na fitar ruwa ne, masu foti suna yawan toshe su.

Gilashi kuwa kada ka sayi moton da ke ɗaga shi tukuna. Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai wata roba mai lanƙwasa da wayoyi ke bi ta ciki. In an sauke ƙofa an mayar, ko soket bai zauna ba, ko wata waya ta karye a cikin rigarta. Ka danna makunnin kana buɗe ƙofar kana rufewa a hankali. In gilashin ya motsa a wani wuri ya tsaya a wani, ciwon yana cikin robar nan. In za a yi walda a wannan karon, a cire kan batir, a kuma maƙala wayar at ta injin walda, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, dab da inda ake aiki.

TAMBAYA: Idan na taka birkin Golf ɗina sai sigina ta baya ta kama dishi-dishi, in na sa sigina kuma duk fitilun gefen su riƙa ƙiftawa tare. Abokaina sun ce biren-bos ne.
Mai shago, Kantin Kwari

AMSA: Alhaji, bar biren-bos ya huta. Wayar at ta fitilar bayan ce ta saki ko ta yi tsatsa, wutar ta rasa hanyar komawa bodi sai ta bi ta cikin sauran ƙwayayen. A Golf launinta ruwan ƙasa ne. A ciro fitilar, a goge ƙafafun soket, a bi wayar zuwa inda aka ɗaure ta da ƙarfe a kankare wurin a ɗaure tamau. A duba ƙwan birkin ma, kada a ce an cusa mai ƙafa ɗaya a gurbin mai ƙafa biyu. In ka ga danshi a cikin gilashin fitilar, a canza robar bayanta kafin ruwan Agusta, in ba haka ba za ka sake rubuto mini.