Amsa: Ƙafar hagu na sanƙarewa a kan feda biyu

Ɗan'uwa, ka ce ƙafarka ta hagu na sanƙarewa da zarar ka ƙara gudu a babbar ganga, wadda ake bugawa da ƙafa ta hanyar taka feda. Fara da kujera: ɗaga ta har ƙugunka ya ɗan fi gwiwa bisa. Ɗaga dunduniya, ka bar idon sawu ya yi aikin, domin dukan da ke fitowa daga cinya shi ke gajiyar da kai. Kada ka danne makaɗin a jikin fata, bar shi ya dawo da kansa. Sifirin da ke dawo da feda kuwa kar ka ɗaure shi tamau, kuma fedojin biyu su yi daidai. Don Allah kar ka yi gaggawa. Saita metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, a bugu 80 cikin minti ɗaya, ka riƙa farawa da hagu minti 10 kullum, sai bugun ya daidaita sannan ka ƙara 5.